Waƙa a Bakin Gadon Yaro Mai Ciwon Daji: Abin da Take Yi da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

In ka ce wa dattijo a Gwaram ko Sumaila akwai asibitocin da suke ɗaukar ma'aikaci, suna biyansa albashi duk wata, aikinsa kawai ya yi wa yara masu ciwon daji kiɗa da waƙa, ɗayan abu biyu ne zai faɗo masa a rai. Ko dai ya ce bori ne aka sanya wa farar riga, ko kuma ya ce wannan sha'anin waɗanda suka ƙoshi ne: mu da sai an kai akuya kasuwa kafin a sayi allura, ina mu ina waƙa? Duka maganganun biyu suna da tushe, kuma sun cancanci amsa. Sai dai kafin a amsa su, ya kamata a san me ake nufi da wannan aiki.

Bari a fara da inda ƙarfinsa ya tsaya, domin nan haɗarin yake. Waƙa ba ta kashe ciwon daji. Ba ta saɓar da kumburin muƙamuƙi, ba ta gyara ɓargo, ba ta tsayawa a madadin allura ko guda. Duk wanda ya ce wa iyaye su baro asibiti domin yana da sautin da zai warkar musu da ɗa, mayaudari ne. Abin da waƙa take taɓawa shi ne yaron da ke ɗauke da ciwon: tsoronsa, yawan zafin da yake ji, barcinsa, da kuma ko zai miƙa hannu a sa masa ruwa ko sai mutum uku sun danne shi. Wanda bai taɓa jinya ba zai iya raina wannan. Wanda ya kwana a ɗakin yara ba zai raina ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara yara da matasa kusan 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, suke kamuwa da ciwon daji a faɗin duniya. A ƙasashe masu arziki sama da 80 cikin 100 suna warkewa. A da yawa daga cikin ƙasashe marasa ƙarfi kuwa, masu warkewar ba su kai 30 cikin 100 ba. Ciwon ɗaya ne, magungunan ma da damansu tsofaffi ne da aka sani fiye da shekara 50. Abin da ya raba mu da su shi ne zuwa asibiti a makare, da jinkirin gano ainihin ciwon, da tsadar magani, da yanke magani a tsakiya. Wannan ya sa a 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu tsira zuwa 60 cikin 100 nan da 2030.

Ɗaya daga cikin nau'o'in da ake yawan gani a ƙasashen Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro shi ne wanda wani likitan tiyata, Denis Burkitt, ya bayyana a Yuganda a 1958, har aka sa wa ciwon sunansa. Yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki, haƙora su yi girgiɗi, cikin 'yan makonni fuskar yaro ta sauya kamanni. A ƙauye sau da yawa akan fara ɗaukarsa ciwon haƙori ko hangum, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce sammu ne. Yana cikin masu saurin girma, kuma yana cikin masu saurin jin magani. Akwai sankarar jini, akwai na ƙoda mai kumbura cikin ƙananan yara, akwai na ido wanda yakan fara da farin ƙyalli a tsakiyar baƙin ido. Duka waɗannan ana warkewa daga gare su in an zo da wuri, an kuma kai ƙarshen magani.

To, mu dubi abin ta idon yaron. Ɗan shekara shida ne daga wani ƙauye a bayan Ringim ko Kibiya. Duniyarsa ba ta wuce tsakar gida da makarantar allo da bin awaki da dandali ba. An fara da kemis, an je asibitin ƙaramar hukuma, daga can aka tura su Dutse ko Birnin Kudu, daga can sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wataƙila har Shika ta Zariya in ana buƙatar gasa ciwon da na'ura. An ba su gado. Fitila ba ta mutuwa da dare, ko'ina warin magani, mutane masu fararen kaya suna tsayawa a kansa suna Turanci, maganarsa suke yi amma ba da shi ba. Ya rame, jijiyoyi sun ɓuya, a soka nan a rasa, a koma can. Akwai ɗibar ruwan ƙashin baya, wadda mutanenmu suka sani tun shekarun annobar sanƙarau, sai dai shi mai sankarar jini ba sau ɗaya ake yi masa ba, ana ta maimaitawa ne domin ta nan ake zuba wani daga cikin magungunan. Akwai ɗibar ɓargo a ƙashin ƙugu. Sannan ga maganin da ma'aikata ke kira kemo, da amansa, da gyambon baki, da zubewar gashi, da kasala. Irin sankarar jinin da yara suka fi yi, maganinta yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Har akwai yaran da suke fara amai tun a mota, da zarar sun hango ƙofar asibiti, ba a ma taɓa su ba. Jikinsu ya haddace wurin.

A nan ne ya kamata a fahimci yadda zafi yake aiki. Saƙo ne yake tashi daga inda aka soka, ya bi laka, ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta yanke yawan abin da za a ji. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin da ya sauya tunanin likitoci: a cikin laka akwai wata mashiga da saƙon zafi yake bi, kuma ana iya wangale ta ko a tsuke ta. Shafa fata yana tsuke ta, shi ya sa uwa take murza wa yaro inda ya buge ba tare da wani ya koya mata ba. Saƙonnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa su ma suna juya ta. Fargaba da zuba wa allura ido suna wangale ta. Hankalin da ya tafi wani wuri yana tsuke ta.

Tsoro kuma ba a rai kaɗai yake tsayawa ba. Zuciya tana ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsokoki su ɗaure, jijiyoyin hannu su ƙanƙance. Ke nan yaron da ya fi tsorata shi ne jijiyarsa ta fi wuyar samuwa, shi za a fi sokawa, gobe kuma ya zo da tsoron da ya ninka na yau. Duk abin da zai yanke wannan zagaye ya taimaki yaron, ya taimaki nas ɗin da take neman jijiyar.

Me ya sa waƙa, ba kowane irin ɗauke hankali ba? Domin waƙa tana da tsari. Yaron da ya san ta ya san abin da zai biyo baya, a wurin da duk sauran abubuwa suke faɗo masa ba sallama. In akwai amshi, dole ya ja numfashi ya sake shi a hankali, kuma doguwar fitar numfashi tana kwantar da bugun zuciya. A 2011 masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa sauraron kiɗan da mutum yake so yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin, wanda yake da hannu a jin daɗi. Ita kuwa muryar uwa tana da nata matsayi daban, domin ɗa yana jin ta tun yana ciki a watannin ƙarshe, kuma jariri sabon haihuwa yana bambance ta da ta sauran mata. Wani bincike da Joanne Loewy ta jagoranta, aka buga a 2013, ya bi bakwaini 272 a asibitoci 11 na Amurka. An ga waƙar raino da sautuka masu taushi da ake yi musu kai tsaye suna daidaita bugun zuciya, suna taimaka wa tsotso da barci, iyayen ma damuwarsu tana raguwa.

A kan yara masu ciwon daji kansu, binciken da ya fi kusa da halinmu an yi shi ne a Biyetnam, aka buga a 2010. Yara 40 masu sankarar jini, 'yan shekara 7 zuwa 12, za a ɗebi ruwan ƙashin bayansu. Rabi aka sa musu abin sauraro a kunne da waƙar da suka zaɓa, rabi aka sa musu abin ba waƙa. Waɗanda suka ji waƙa sun faɗi ƙarancin zafi da fargaba, aka kuma auna bugun zuciyarsu da numfashinsu aka same su ƙasa da na 'yan'uwansu. A Kanada, a 2013, an gwada irin haka da yara 42 'yan shekara 3 zuwa 11 da ake sa wa allurar ƙarin ruwa a ɗakin gaggawa. Ma'aikata 76 cikin 100 a ɓangaren masu waƙa sun ce aikin ya zo musu da sauƙi ƙwarai, a ɗaya ɓangaren kuwa 38 ne cikin 100.

Ga manyan yara salon daban ne. Sheri Robb da abokan aikinta a Amurka sun yi aiki da matasa 113, 'yan shekara 11 zuwa 24, da ake yi wa dashen ɓargo. Wasu aka haɗa su da ƙwararre a fannin jinya da waƙa suka rubuta waƙarsu da kansu, suka naɗi murya, suka haɗa hotuna. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗannan sun fi ƙarfin halin fuskantar jinyar, kuma bayan kwana 100 sun fi jin kusanci da danginsu da abokansu. Matashin da ba zai iya kallon idon mahaifiyarsa ya ce mata yana tsoron mutuwa ba, yana iya sa maganar a baiti.

Ya kamata a auna waɗannan hujjoji da ma'auninsu. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara bincike da tace shi, ta duba gwaje-gwaje 81 a 2021, masu ɗauke da majinyatan ciwon daji 5,576. Ta ga alamun waƙa tana rage fargaba da zafi da gajiya a wurin manya. Bakwai ne kacal daga cikin gwaje-gwajen aka yi da yara, kuma yawancinsu ƙanana ne. Saboda haka maganar gaskiya ita ce taimako ne matsakaici, mai arha, mai ƙarancin illa. A ganina wannan ya isa dalili.

Akwai bambanci tsakanin kunna wa yaro waya da aikin ƙwararre. Wannan sana'a ta kafu ne bayan da makaɗa suka riƙa ziyartar asibitocin sojojin da suka dawo daga yaƙe-yaƙen duniya a Amurka, likitoci suka ga canji, suka ce sai a koyar da abin da ƙa'ida. Jami'ar Jihar Mishigan ta fara ba da digiri a kansa a 1944, aka kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1950, ta duniya kuma a 1985. Ƙwararren yakan karanta fayil ɗin yaro, ya tattauna da likita, ya san abin da ake nema yau: barci ne, ko cin abinci, ko motsa yatsun da magani ya sa suka yi sanyi, ko shirin wata allura. Babbar dabararsu ita ce a tarar da yaro inda yake. Yaron da ke kuka yana shure-shure ba a fara masa da waƙar barci, ba zai ma ji ta ba. Ana fara masa da sauti mai sauri daidai da numfashinsa, in ya kama, sai a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har jikinsa ya biyo. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga irin wannan: mai gangar noma yana kallon fatanyu ne, ya ɗauki saurinsu, sannan ya ja su zuwa inda yake so.

Abu na biyu da suke kula da shi shi ne zaɓi. A asibiti ba a tambayar yaro komai. Ba shi yake zaɓar lokacin allura ba, ba shi yake zaɓar hannun da za a soka ba. In aka ce masa, wace za mu yi, wannan ko waccan? Kai za ka buga ko ni? A tsaya ko a ci gaba? To an mayar masa da ɗan abin da yake da iko a kai. Har "ba na so" ɗinsa amsa ce da ake girmamawa.

Mu koma ga maganar bori. A bori ana kaɗa garaya ko goge ne domin a kira iska, kowane iska da takensa, ana kuma danganta ciwon ga shi. A nan ba a kiran kowa, ba girka, ba hawa, ba wanda ya ce sautin yana da wani asiri. Likita yana nan da maganinsa, waƙar tana kwantar da jikin da za a zuba maganin. Kuma abin ba baƙo ba ne a tarihin Musulmi. Masana irin su Alfarabi da Ibn Sina sun yi rubutu a kan tasirin sauti ga rai, kuma asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta Turkiyya, aka gama a 1488, an san shi da amfani da kiɗa da ƙarar ruwa ga majinyata.

Duk da haka malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, saɓanin kuma yana nan da ransa a garuruwanmu. Akwai gidan da ake buga mandiri, akwai gidan da ko a waya ba a yarda a ji kiɗa ba. Ba hurumin asibiti ba ne ya raba wannan gardama, kuma kuskure ne babba a tilasta wa iyali abin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba a lokacin da suka fi buƙatar natsuwa. Abin farin ciki, yawancin amfanin da aka lissafa murya kaɗai tana kawo shi: waƙar raino, bege, ƙasida, waƙoƙin da yara ke koya a Islamiyya. Alƙur'ani kuwa ba waƙa ba ne, ba a jera shi a wannan sahu. Amma yaron da ya saba da allo, in ya ja surar da ya haddace tare da mahaifinsa, yana samun natsuwar da ya kamata ma'aikata su ba ta wuri da lokaci.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wannan batu. Mu ba matalautan waƙa ba ne. Macen ƙauye tana waƙa a bakin dutsen niƙa, tana yi a daka, tana yi a daɓe, tana yi da goyo a baya. 'Yan mata suna da gaɗa, yara suna da tashe, tatsuniya ma da waƙarta a ciki. Amma ka shiga ɗakin jinyar yara, za ka tarar waɗannan matan sun yi gum. Wurin ya yi musu kwarjini. Tana ganin in ta ɗaga murya za a ce ba ta san ciwon kanta ba, ɗanta yana kwance tana waƙa. Tana tsoron kada nas ta yi mata tsawa. Wata kuma baƙin ciki ne ya toshe mata maƙogwaro. Sai ya zama abin da ya fi kowane saurin kwantar da yaron an baro shi a ƙauye, alhali mai shi tana zaune a bakin gado.

Sai kuma kunya. In yaron ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane, balle ta rungume shi tana rera masa waƙa a ɗaki cike da baƙi. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai iya ɗauka ba ta damu ba ne, alhali cikinta yana ƙuna. Ba a gyara wannan da yi mata faɗa. Al'adar da ta ɗaure uwa ita ce ta saki kaka. Tsakanin kaka da jika wasa ne, ita ce mai ce masa maigida ko angona, ta ce wa jikanya kishiya, ta tsokane shi ya rama. Kuma sau da yawa ita ce take zaman jinyar, domin uwa tana da na goye a gida. Nas ɗin da ta gane haka ta samu abokiyar aiki. Ya isa ta ce, "Iya, nan da ɗan anjima zan zo da allurarsa. Ki ɗauke shi a cinya, ki fara yi masa wadda kike yi masa a gida." Kaka ta jawo shi ta ce, "Taso maigida, yau kai za ka yi mini amshi." Zama a cinyar wanda yaro ya yarda da shi, maimakon a kwantar da shi a danne, shi ma abu ne da masana jinyar yara suke ba da shawara a kai. Kuma a fara waƙar kafin allura ta iso, kada a bari sai kuka ya ɓarke.

Mai jinyar ma tana amfana. Babu abin da yake karya uwa ko kaka kamar ta zauna hannu rabbana, komai sai wasu sun yi wa ɗanta. In aka ba ta aikin da ita kaɗai ta iya shi, ta dawo cikin masu kula da shi. Yaro kuwa fuskar babba yake karantawa kafin ya yanke ko abin tsoro ne.

Akwai wuraren taka-tsantsan, kuma ba na wasa ba ne. Kemo yana karya garkuwar jiki, musamman mako ɗaya zuwa biyu bayan an sa shi, lokacin da ƙaramar ƙwayar cuta za ta iya zama ajali. Don haka sarewa ko duk abin busawa ba a karɓa-karɓa da shi. Ƙwarya da gangar fata suna da wuyar tsabtacewa, gara kowane yaro da nasa, ko a yi amfani da roba da za a iya gogewa. Wasu yaran jininsu ba ya saurin daskarewa, tafi mai ƙarfi ko tsalle zai iya tara musu jini a ƙarƙashin fata, ga kuma allurar ruwa a hannu. Wasu magungunan, irin su sisfilatin, suna taɓa ji, saboda haka abin sauraro a kunne sai da ƙaramin sauti. Ɗakin kuma na kowa ne: abin da yake faranta wa wannan yana iya zama azaba ga na gadon kusa mai ciwon kai. Sannan kada waƙar da yaro ya fi ƙauna ta zama ba ya jin ta sai za a soke shi, domin zai haɗa su a ransa, ta koma masa ƙararrawar tsoro. A riƙa yi masa ita lokacin wasa da lokacin barci.

Mafi girman gargaɗin shi ne kada waƙa ta zama hujjar rage maganin kashe zafi. Yaron da ke buƙatar allurar kashe wuri a yi masa. Wanda ciwonsa ya kai na mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, a ba shi, domin yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne a samu. Tare suke tafiya.

Saura maganar dattijon nan ta biyu, ta kuɗi, kuma gaskiyarsa ce. Abin da ya fi sa iyaye su yanke magani shi ne talauci da nisa. An sayar da dabba, an jinginar da gona, damina ta faɗi uba yana asibiti, kuɗin mota daga Birniwa ko Doguwa ya gagara. Waƙa ba ta biyan ko sisi daga cikin wannan, kuma nauyin yana kan gwamnati da masu hali. Wasu kuma kumburi ne yake saɓewa bayan zagayen farko, su ɗauka an warke, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Amma akwai dalili na uku da ba a cika faɗa ba. Uba ya tsaya a bakin ƙofa yana jin ɗansa yana kiran sunansa ana danne shi, yau da gobe, har ranar da zai ce, "A bar yaron nan ya huta, mu koma gida, abin da Allah ya yi shi ne daidai." Ba rashin so ba ne, tausayi ne ya rinjaye shi. A wannan gaɓar nake ganin rage wa yaro azabar jinya yana da hannu a ko za a kai ƙarshen magani.

Akwai kuma yaran da aka kawo lokaci ya ƙure, likita ya ce sai dai a sauƙaƙa musu. Su ma suna da haƙƙin barci mai daɗi da muryar da suka sani. A wasu asibitocin duniya ƙwararrun sukan taimaki irin wannan yaro ya naɗi muryarsa domin iyayensa. Da wayar hannu kowa zai iya yin haka, in iyalin suna so. Haka nan ana iya naɗo muryar 'yan'uwansa da abokan wasansa daga ƙauye a kawo masa.

Samar da ƙwararru zai ɗauki lokaci. A nahiyarmu Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu tana koyar da fannin a matakin digiri na biyu, kuma babu abin da zai hana jami'o'inmu su tura mutum ɗaya ko biyu. Kafin nan akwai abin da ba ya cin kuɗi. Makarantun koyon aikin jinya na Kano da Birnin Kudu za su iya sa darasi a kan shirya yaro kafin allura. Takardar da ake cikewa ranar ba da gado za ta iya ɗaukar tambaya biyu: me yake kwantar da shi a gida, kuma wa yake yi masa? Shugabar ɗaki za ta iya faɗa wa masu jinya da bakinta cewa an yarda su yi waƙa a hankali, domin da yawansu izinin kawai suke jira. Malaman Hausa na Jami'ar Bayero sun daɗe suna nazarin waƙoƙin baka, likitocin yara kuma suna nan cikin gari ɗaya da su. Gwajin Biyetnam yara 40 ne da abin sauraro. Irinsa, da muryar uwa ko kaka a madadin na'ura, bai fi ƙarfin asibitin koyarwa a Kano ko Dutse ba.